Ɗana, Iblis Ba Gwarzon 'Yanci Ba Ne

 Ina fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so, duk da wannan zafi na Garwa da ba ya barin mutum ya runtsa sai dare ya raba.

Mahaifiyarka ta zo mini hankalinta a tashe. Ta ce ta leƙa wayarka ta ga zanen wani mai fukafukai da ƙahoni, ga wuta ga jini, har tana tsoron ko wata ƙungiyar asiri ce ta fara jan ka. Na kwantar mata da hankali, na ce littattafan zane ne, waɗanda kuke kira BD da manga. Mu ma mun yi namu zamanin. Mun karanta Kouakou, mun yi musayar Zembla da Akim da Blek har bangonsu ya yage. Sai dai jarumanmu da 'yan fashi da sojojin mamaya suke faɗa, naku kuwa da Mahalicci suke jayayya. Shi ya sa na nemi sunayen littattafan, na zauna na duba abin da ya sawwaƙa, don kada in yi maka magana a kan abin da ban gani ba.

Ta kuma faɗa mini tambayar da ka yi a gida. Ka ce idan Allah ya san Iblis zai saɓa tun kafin ya halicce shi, to mene ne laifinsa? Kuma ashe ba shi ne farkon wanda ya ce a'a ba, wanda ya nemi ya mallaki kansa? Ban ji haushin wannan tambaya ba ko kaɗan. Matambayi ba ya ɓata, kuma manyan malaman Musulunci sun yi ƙarnoni suna tattauna rabinta na farko. Abin da nake so ka gane shi ne, rabinta na biyu ba daga zuciyarka ya tsiro ba. An shuka maka shi ne, kuma yana da kyau ka san wanda ya shuka.

Wannan Shaiɗan mai kwarjini, mai iya magana, mai tsayawa ƙyam a gaban Ubangiji, haifaffen Ingila ne. A 1667 wani mawaƙi mai suna John Milton ya fitar da doguwar waƙarsa, Paradise Lost, bayan ya makance, yana faɗa ana rubuta masa. Milton Kirista ne mai riƙo da addininsa, kuma niyyarsa ita ce ya nuna adalcin Allah. Amma ya taɓa zama cikin masu tawaye. Ya yi wa gwamnatin da ta kashe Sarki Charles na Ɗaya a 1649 aiki, sannan ya ga sarauta ta dawo a 1660, tafiyarsu ta rushe. Ya san ɗacin wanda ya yi tawaye aka kayar da shi, saboda haka da ya zo sa wa Shaiɗan magana a baki sai maganar ta fito da zafi da daɗin ji. Bayan fiye da shekara ɗari, mawaƙa irin su William Blake da Shelley suka karanta waƙar, suka ga Shaiɗan ɗin ya fi kowa burge su. Daga nan aka fara yi masa kallon gwarzo.

Littattafan da ke wayarka jikokin wannan waƙa ne. Neil Gaiman ya fara The Sandman a 1989, ya kawo Lucifer a ciki a siffar kyakkyawan saurayi. A wani sashe na labarin sai Lucifer ya gaji da mulkin wuta, ya kori mazaunanta, ya kulle ƙofofi, ya miƙa mabuɗin ga wani, daga baya ya je Los Angeles ya buɗe gidan kiɗa. Mike Carey ya ɗauki wannan Lucifer ya yi masa littafi na kansa, fitowa 75 daga 2000 zuwa 2006. A can Lucifer yana ƙorafin cewa an riga an tsara komai, ba ya son zama cikin tsarin wani, har ya ƙirƙiri tasa duniyar ya hana mazaunanta bauta wa kowa. Fim ɗin da abokanka ke turawa juna, wanda aka fara a 2016 aka kammala a Netflix a 2021, daga nan aka ciro shi, aka ƙara masa gishiri har ya zama mai taimakon 'yan sanda. Na Japan kuma suna iso mana ne ta Faransa, ƙasar da ke cikin waɗanda suka fi sayen manga a duniya, shi ya sa kake samun su cikin Faransanci ba wahala. Duk waɗannan marubuta ne masu basira, ban raina gwanintarsu ba. Amma labari suke ƙagawa don a saya a karanta. Ko maƙwabtanmu Kiristoci na nan Garwa, ka tambayi fada ko fasto, ba zai ce maka Shaiɗan gwarzo ba ne.

Yanzu ka ɗauko Alƙur'ani ka bi labarin da idonka, a Baƙara da A'araf da Hijri da Kahfi da Sad. Za ka ga abubuwan da suka sha bamban da na littattafan zane. Iblis aljani ne, ba mala'ika ba, Suratul Kahfi ta faɗi haka ƙarara. Bai tara runduna ba, bai yi yaƙi da sama ba, bai taɓa musun cewa Allah ne Ubangijinsa ba. Bayan ya saɓa ma da sunan Ubangiji ya kira shi, a wurinsa ya roƙi jinkiri, da buwayarsa ya yi rantsuwa. Babu inda ya nemi 'yanci, nasa ko na wani. An umarce shi ya girmama Annabi Adamu, alaihis salam, ya ƙi, kuma dalilin da ya bayar shi ne asali: shi daga wuta, wancan daga laka, don haka ya fi shi. Da aka kore shi, alkawarin da ya ɗauka shi ne zai tare 'ya'yan Adamu ta gaba da baya da dama da hagu har ya hallaka su. Wanda ya yi wannan rantsuwa a kanka da zuriyarka, ta yaya zai zama mai ƙwato maka 'yanci?

Ga kuma abin da ya fi komai muhimmanci, ɗana, ka riƙe shi da kyau. Da Iblis ya faɗi, bai ce ni na zaɓa ba. A Suratul A'araf ya jingina ɓatansa ga Allah, ya ce shi ne ya ɓatar da shi. Ka ga wanda ake sayar muku a matsayin uban masu zaɓi, shi ne farkon wanda ya musanta zaɓinsa, ya fake da ƙaddara. A wannan sura ta A'araf, 'yan ayoyi kaɗan a gaba, Annabi Adamu da Hauwa'u su ma sun saɓa. Suna da wanda za su ɗora wa laifi, domin an yaudare su da gaske, har da rantsuwa. Amma suka ce su ne suka zalunci kansu, suka nemi gafara. Ka auna waɗannan biyu ka gaya mini wane ne ɗa mai 'yanci: wanda ya aikata ya ce ba ni ba ne, ko wanda ya aikata ya ce ni ne, kuma zan gyara? Duk nasihata a nan take. Cewa a'a ba wuya, yaron goye ma yana yi. Ɗaukar nauyin abin da hannunka ya aikata shi ne aikin manya.

Saura tambayarka ta ƙaddara, wadda ta cancanci amsa ta natsuwa. Imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, yana cikin shika-shikan imani shida, kuma ka karanta shi a babin farko na Risala ta Ibn Abi Zaid. Tun farkon Musulunci mutane sun rabu a kai. Jabariyya suka ce ɗan Adam ba shi da zaɓi sam, tilasta shi ake yi. Ƙadariyya da Mu'utazila suka ce shi ne ke halittar aikinsa da kansa. Imam Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 324 bayan hijira, ya bi tsakani: Allah ne mai halittar komai, bawa kuma yana da kasabi, wato niyyarsa da nufinsa da karkatarsa ga aiki, kuma a kan wannan ake yi masa hisabi. A kan wannan tafarki malamanmu na zaure suka tashi, daga Sakkwato har Adamawa. Sanin Allah ya kewaye abin da za ka zaɓa, amma saninsa bai ɗaure maka hannu ba, kuma kai ba ka san abin da aka rubuta ba sai bayan ya auku. To yaya za ka kafa hujja da littafin da ba ka taɓa karantawa ba?

Ka dubi mai fito a Binuwai. Ba shi ya haƙa kogin ba, ba shi ke kawo ruwan Agusta ba, ba shi ke buɗe ƙofofin madatsar Lagdo ba. Amma filafili yana hannunsa, shi ke duba ko ya cika lodi, shi ke zaɓar inda zai ratsa. In ya lafta wa jirgi kaya fiye da ƙima ya kife, ba wanda zai karɓi uzurinsa in ya ce kogi ne. Haka rayuwarka take. Ba kai ka zaɓi iyayenka ko garinku ko shekarar haihuwarka ba, kuma ba za a tambaye ka waɗannan ba. Abin da ke hannunka shi za a tambaye ka.

Sahabbai sun fahimci haka. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka tare shi da labarin annoba, ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya amsa masa cewa daga wata ƙaddarar Allah yake gudu zuwa wata ƙaddarar Allah. Sahabbai sun taɓa tambayar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ko su dogara ga abin da aka rubuta su bar aiki, ya ce su yi aiki, kowa ana sauƙaƙe masa hanyar abin da aka halicce shi dominsa. Akwai wani ɓangare na sirrin ƙaddara da hankali ba ya kaiwa ƙarshensa, kuma malami na gaskiya zai faɗa maka haka ba tare da jin kunya ba. Amma abin da kake bukata don ka rayu a fili yake.

Abin da ke damuna, ɗana, ba zanen ƙaho ba ne. Ba a ganin Iblis da ƙaho a kasuwar Garwa. Kalmominsa biyu ake ji, kuma ana jin su kullum. Ta farko ita ce na fi shi. Kana jin ta idan Bahaushe ko Bafulatani ya raina Bafali ko ɗan Tupuri ko Mundang ko Gidar saboda ƙabila. Kana jin ta idan an zo neman aure aka fara tonon wane ne kakansa bawa. Kana jin ta a bakin ɗan lise da ya iya Faransanci yana yi wa almajiri kallon banza, da bakin wanda ya haddace 'yan hadisai yana kafirta iyayensa. Girman kai rawanin tsiya, in ji Hausawa, kuma wani lokaci da rawanin malanta yake zuwa. Ibn al-Jauzi, malamin Bagadaza da ya rasu a 597 bayan hijira, ya rubuta littafi sukutum, Talbisu Iblis, yana nuna yadda yake shigar wa malamai da masu ibada da sarakuna, kowa ta ƙofar da ya fi amincewa da ita. Mu a arewacin Kamaru mun ga wannan da idonmu. Waɗanda suka addabi Kolofata da Fotokol, suka tayar da bamabamai a Marwa a watan Yulin 2015, ba littafin zane suka karanta ba. Sun yarda ne cewa su kaɗai ne tsarkaka, jinin kowa kuma halal ne. Samarin da suka bi su an yi musu alkawarin ɗaukaka da kuɗi da babur, suka wayi gari ba su da ikon ko gaida iyayensu.

Kalma ta biyu ita ce haka aka rubuta. Kana jin ta wurin saurayin da ya haɗiyi tramol ya hau babur ya banke yarinya a titi. Kana jin ta wurin wanda ya kwana a waya shekara guda, ya faɗi jarrabawar bak, ya ce ba rabo. Ana faɗin ƙaddara ne don a yi haƙuri da musibar da ta sauka, kamar rashi ko cuta ko fari. Ba a yi ta don wanke laifi ba. Duk ranar da ka ji bakinka yana shirin faɗin ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi biyu, to ka yi a'uziyya, domin a lokacin ne ya matso kusa da kai, ba lokacin da kake kallon zane ba.

Zan yi wa littattafan naka adalci, don akwai gaskiya a cikinsu ga mai karantawa har ƙarshe. Lucifer na Gaiman yana kukan cewa mutane na ɗora masa laifin abin da suka aikata da kansu, alhali bai tilasta kowa ba. Wannan ya yi kusa da abin da Suratu Ibrahim ta ba mu labari, cewa ranar ƙiyama Shaiɗan zai ce wa mabiyansa ba shi da wani iko a kansu, kira kawai ya yi suka amsa, don haka su zargi kansu. Lucifer na Carey kuwa, ka duba inda neman mallakar kai ya kai shi. Ya yi amfani da duk wanda ya so shi, da yawa suka hallaka a hanyarsa, a ƙarshe ya bar kowa ya shige cikin sarari shi kaɗai. A Death Note, wanda aka buga daga 2003 zuwa 2006, yaro mai hazaƙa ya tsinci littafin da ke kashe duk wanda aka rubuta sunansa, ya fara da cewa zai share miyagu, ya ƙare yana kiran kansa ubangiji, ya mutu a wulaƙance. A Devilman na Go Nagai, tun 1972, Shaiɗan ya ci yaƙi, ya waiga ya tarar duniya ta ƙone, abokin da yake ƙauna kuma gawa ne a gefensa. Su kansu marubutan sun kasa kai wannan hanya ga kyakkyawan ƙarshe. Matsalar ita ce yawancinku guntaye kuke gani a TikTok, inda aka yanko tsayuwar ƙasaita da kiɗa mai daɗi, aka bar ƙarshen.

Ba zan ce ka jefar da waya ba, don na san hani ba tare da bayani ba yana ƙara wa abu zaƙi ne. Ga dai abin da nake roƙonka. Duk shafin da aka zana Mahalicci a siffar mutum, ko aka yi izgili da annabawa da mala'iku, ka rufe shi, wannan ba wurin wasa ba ne a gare mu. Wasu daga cikin littattafan cike suke da tsiraici da zubar da jini, masu buga su ma sun rubuta cewa na manya ne, don haka kada ka bar su a hannun ƙannenka, kai ma ka tsare idonka. Ka lura da zuciyarka bayan karatu. In ka ga sallah ta fara yi maka nauyi, ko ka fara jin kowa a gida wawa ne sai kai, to littafin ya fara karanta ka, ka ajiye shi. Kada asuba ta same ka kana kan waya. Kuma in shubuha ta tsaya maka a rai, kada ka kwana da ita, kada ka kai ta wurin baƙin fuska a intanet. Ka je wurin malami mai haƙuri, wanda ba zai zare maka ido ba. Ni ma ƙofata a buɗe take.

Na ga zane-zanenka a bayan littafin lissafi, kuma hannunka yana da kyau ƙwarai. Malamai suna da maganganu a kan zanen abu mai rai, ka zauna da malaminka ka ji iyakokin da zai nuna maka. A cikin waɗannan iyakoki akwai fili mai faɗi. 'Yan ƙasarmu sun riga sun fara. Ana bikin Mboa BD a Duwala da Yawunde, inda masu zane ke baje aikinsu. Kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da Aurion a 2016 da jarumai baƙaƙe da sunaye na gida. Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, ta rubuta zafin da matan gidajenmu ke haɗiyewa, duniya ta saurara har ta sami kyautar Goncourt ta ɗaliban lise a 2020. Me zai hana Garwa ta fitar da nata mai zanen? Kana da Gizo da Ƙoƙi da Dodo. Kana da tutar da Modibbo Adama ya karɓo daga hannun Shehu Usmanu, da ganuwar Rey-Bouba, da duwatsun Tinguelin, da kewayen da Ingilishi da Faransawa suka yi wa Jamusawa a garin nan a 1915.

In kuma duhu kake so, da tawaye da zaɓi, ba sai ka je Los Angeles ba. A 2018 gwamnati ta kafa hukumar karɓar waɗanda suka ajiye makami, kuma ɗaya daga cikin cibiyoyinta a Mora take. Ka yi tunanin saurayi sa'anka da ya bi 'yan daji, ya aikata abin da baki ba ya iya faɗa, sannan wani dare ya yanke shawarar dawowa. Ya san in sun kama shi yanka shi za su yi. Ya san ƙauyensu ba lallai su karɓe shi ba. Zai tsaya gaban matar da ya mayar gwauruwa, kuma yana da uzuri iri-iri da zai iya kawowa: talauci ne, yaudara ce, tilas ce, ƙaddara ce. Amma ya buɗe baki ya ce ni ne. Ka zana mini wannan fuskar, ɗana. Tuba ta fi tawaye bukatar jarumta, kuma har yanzu ba a zana ta yadda ya kamata ba.

Allah ya tsare mini kai daga girman kai da fakewa da ƙaddara, ya ba ka ilimi mai amfani da zuciya mai saurin komawa gare shi, ya sa albarka a hannunka da karatunka. Ka gaida mutanen gida.

Kawunka mai ƙaunarka.